Ibn Hazm Al-Andalusi: Ɗan Wazirin Da Aka Ƙona Littattafansa

Andalus shi ne yankin da Musulmi suka mulka a inda ƙasashen Sifen da Fotugal suke a yau, daga shekarar 711 zuwa 1492 Miladiyya. Malamai da yawa sun ɗauki nasabar wannan yanki, amma kaɗan ne sunansu ya manne da ita kamar Abu Muhammad Aliyu ibn Ahmad ibn Hazm, Allah Ya yi masa rahama.

An haife shi a birnin Ƙurɗuba a ƙarshen Ramadan na shekarar 384 Hijiriyya (994). Mahaifinsa waziri ne a fadar Al-Mansur ibn Abi Amir, don haka ya tashi cikin daula. Matan gidansu ne suka fara koya masa Alƙur'ani da rubutu da waƙoƙin Larabawa.

Jin daɗin bai ɗore ba. Fitina ta ɓarke a Ƙurɗuba, mahaifinsa ya rasu a 402, shi kuma ya yi ƙaura zuwa Almariya. Ya ci gaba da goyon bayan gidan Banu Umayya har ya zama wazirin Khalifa Al-Mustazhir a 414. Ba a cika wata biyu ba aka kashe khalifan, aka tsare Ibn Hazm. Daga baya ya saki siyasa ya rungumi ilimi.

Ya fara da fiƙihun Malikiyya, ya karkata zuwa Shafi'iyya, sannan ya tsaya a kan mazhabar Zahiriyya, wadda ke riƙo da zahirin nassi, tana watsi da ƙiyasi da taƙlidi. A nan ya saɓa wa jumhurin malamai. Ya rubuta Al-Muhalla a fiƙihu, da Al-Ihkam a usulu, da Al-Fisal a kan addinai da ƙungiyoyi, da Ɗauƙul Hamama a kan soyayya. Ɗansa Abu Rafi'i ya ruwaito cewa abin da ya bari ya kai kusan mujalladi 400.

Sai dai harshensa na da kaifi, har aka kamanta shi da takobin Hajjaj. Ya yi munazara da Abul Walid Al-Baji a tsibirin Mayurƙa. Malaman zamaninsa suka juya masa baya, sarakuna suka nisanta shi, kuma Al-Mu'utadid ibn Abbad ya sa aka ƙona littattafansa a Ishbiliya. Ya koma ƙauyen kakanninsa kusa da Labla, yana karantar da 'yan ɗalibai, har ya rasu a Sha'aban na 456 (1064).

Wuta ba ta cinye iliminsa ba, domin har yau malamai na komawa ga Al-Muhalla. Amma ya ɗalibi, ka lura: kaushin harshe ya hana mutanen zamaninsa da yawa amfana da shi. Ka ɗauki himmarsa wajen neman hujja, ka haɗa ta da ladabin saɓani. Allah Ya gafarta masa, Ya amfanar da mu da iliminsa.