Caroline Herschel, Macen Da Ta Gano Taurari Masu Wutsiya

'Yan'uwana mata da 'yan makaranta, yau ga labarin Caroline Herschel, wadda aka haifa a Hanover ta ƙasar Jamus cikin 1750. Tana shekara 10 zazzaɓi mai tsanani ya kama ta, ya hana ta tsawo. Mahaifiyarta ta hana ta karatu mai zurfi, ta bar ta da aikin gida.

Cikin 1772 yayanta William ya ɗauke ta zuwa garin Bath a Ingila. Shi makaɗi ne, amma da dare sai kallon taurari. Da yake madubin hangen nesa yana da tsada, sai suka shiga ƙera nasu a gida. Ku sani, irin wannan na'ura tana da babban madubi mai tattara hasken tauraro, da ɗan gilashi a wurin sa ido wanda ke ƙara girman abin da aka hango. Goge madubin yakan ɗauki sa'o'i ba a ɗaga hannu, har Caroline takan sa wa yayanta abinci a baki. Ita ma tana gogewa, kuma ita ke rubuta abin da suka gani.

Cikin 1786 ta gano tauraro mai wutsiya da kanta, daga baya suka kai takwas. Cikin 1787 Sarki George III ya yanka mata albashin fam 50 a shekara. Ta rasu cikin 1848, tana da shekara 97.

To, iyaye mata, kafin ku tsare yarinya a madafa, ku tuna da Caroline.