Bruce Gyngell, Mutumin da Ya Buɗe Telebijin a Ostareliya

A filinmu na tarihin mashahuran mutane, yau za mu ƙetare teku zuwa ƙasar Ostareliya, mu kawo wa masu karatu labarin Bruce Gyngell, mutumin da aka fara ganin fuskarsa ran da aka buɗe telebijin a ƙasar. Shi dai ba injiniya ba ne, bai ƙera ko ƙusa ɗaya ta akwatin telebijin ba. Gwanintarsa ita ce tsara shirye-shirye, watau sanin abin da ya kamata a nuna wa jama'a da ƙarfe bakwai na yamma, da abin da za a jinkirta sai yara sun kwanta. Ya yi shekara arba'in da 'yan kai cikin wannan sana'a, ya yi suna a ƙasarsu da Ingila, ya kuma tara abokan gaba.

An haife shi a birnin Melbon ran 8 ga watan Yuli, 1929, amma a Sidni ya yi makaranta. Da farko ya soma karatun likita, bai ƙare ba ya bari, ya shiga aikin rediyo yana sa wa jama'a fayafayai. Daga nan ne wani attajiri mai suna Frank Packer, mai jaridar Daily Telegraph, ya ɗauke shi aiki, don a lokacin gwamnati ta ba kamfaninsa lasin kafa gidan telebijin a Sidni, wanda aka sa wa suna TCN-9.

Ostareliya ta makara wajen telebijin in aka gwada ta da Amurka da Ingila. Gwamnatin Firayim Minista Robert Menzies ta daɗe tana jan ƙafa, har sai da ta naɗa hukumar bincike cikin 1953 kafin ta yarda a soma. Abin da ya ƙara zaburar da kowa shi ne wasannin Olamfik da za a yi a Melbon cikin watan Nuwamba na 1956, don abin kunya ne a ce duniya ta taru a ƙasarka alhali kuwa mutanenka ba su da abin kallo. TCN-9 ce ta riga kowa. Ran Lahadi 16 ga watan Satumba, 1956, da ƙarfe bakwai na yamma, sai ga wani saurayi ɗan shekara 27 cikin baƙin kwat ya bayyana, ya yi wa jama'a barka da yamma, ya yi musu maraba da zuwan telebijin. Gyngell ke nan. Akwatunan telebijin kaɗan ne ƙwarai a gidaje, don haka mutane da yawa a bakin titi suka tsaya, suna leƙe ta gilashin kantunan masu sayar da kayan lantarki. Hoton da ake nunawa na wannan dare kuwa ba na ainihi ba ne, daga baya aka sake sa shi ya maimaita gaisuwar aka ɗauka don tarihi.

Kafin wata biyar tashoshi sun zama shida, uku a Sidni uku a Melbon, biyu daga ciki na gwamnati ne a ƙarƙashin hukumar ABC, sauran huɗu na 'yan kasuwa ne masu dogara da kuɗin talla. To, a nan ne aikin mai tsara shirye-shirye ya zama babban abu. A shekarun farko tasha ba ta yin aiki sai 'yan sa'o'i, galibi daga yamma zuwa kafin tsakar dare a rufe. Da rana in ka kunna akwatinka ba abin da za ka gani sai wani zane da masu gyara ke daidaita hoto da shi. Jaridu kan buga jadawalin kowace rana, kuma cikin watan Disamba na 1957 aka fara buga wata mujalla a Melbon, wadda daga baya ta zama TV Week, musamman don mutane su san abin da za a nuna a mako. Wasu kamfanoni kuma, irin su McNair da Anderson, aikinsu shi ne bin gidaje suna ƙididdige wace tasha aka kalla da wane lokaci. Da wannan ƙidaya ake yanke kuɗin talla. Tashar da ta kama mutane tun daga labarun yamma ta riƙe su har dare, ita ke kwashe kuɗi, wadda kuwa ta sa shiri mai kyau a lokacin da bai dace ba, ta yi asara.

Gyngell ya fahimci wannan tun da wuri. Ya taɓa gabatar da wani shirin kacici-kacici na waƙoƙi mai suna Name That Tune, amma ba da jimawa ba ya koma bayan fage, ya zama shi ke sayo shirye-shirye yana jera su, har ya kai ga shugabancin tashar cikin shekarun 1960. Yawancin abin da yake jerawa kuwa daga waje ake sayo shi, don sayen fim ɗin da Amurkawa suka riga suka gama ya fi araha nesa ba kusa ba a kan shirya sabo a gida. Wani kwamiti na majalisar dattawa ya ba da rahoto cikin 1963 cewa kashi 97 cikin 100 na wasannin kwaikwayon da aka nuna tun daga 1956 na ƙasashen waje ne, mafi yawansu na Amurka. Ashe ke nan yaron Ostareliya ya fi sanin titunan Amurka a telebijin bisa ga na garinsu. Wannan ƙorafi ya daɗe yana bin masu tashoshi, kuma Gyngell na cikin waɗanda ake nuna wa yatsa.

Shi Frank Packer mutum ne mai zafin rai, ba ya son a ja da shi, Gyngell kuwa yana ganin tsarin shirye-shirye fagensa ne. Cikin 1969 suka saɓa, ya tattara nasa ya nasa ya koma wajen abokan hamayya, watau tashoshin lamba bakwai. Can ya sake jadawali, ya cika gari da tallan cewa juyin juya hali ya zo, kuma cikin ɗan lokaci tashar ta janye masu kallo daga tsohon maigidansa. Sunansa ya kai Ingila, har cikin 1972 Lew Grade, shugaban kamfanin ATV, ya kira shi ya zama mataimakinsa.

Da ya isa Ingila ya tarar telebijin mai launi ya riga ya zama ruwan dare, alhali a gida har yanzu fari da baƙi ake kallo. Amurka ta fara tun 1954, Ingila ta fara cikin 1967, har maƙwabciyarsu Niyu Zilan ta riga su cikin 1973. Ba wai gwaninta ce babu ba, gama wata tashar Melbon ta gwada ɗaukar sukuwar dawaki da launi tun 1967, kuma shirin nan na Skippy, labarin wani yaro da dabbar nan mai tsalle da ake kira kangaru, da launi aka ɗauke shi don a sayar a ƙasashen waje, amma mutanen gida fari da baƙi suka gan shi cikin 1968. Gwamnati ce ta ce a dakata, saboda kuɗin da za a kashe wajen sake na'urorin kowace tasha da akwatin kowane gida ba kaɗan ba ne. Jinkirin ya yi rana ta wani gefe, don sun samu damar zaɓen tsarin Jamus da ake kira PAL, wanda launinsa ya fi na Amurka tsayawa daidai, shi ne kuma tsarin da Nijeriya ta bi.

Cikin watan Fabrairu na 1972 gwamnatin William McMahon ta tsai da rana, watau 1 ga watan Maris, 1975. Daga watan Oktoba na 1974 aka yarda tashoshi su riƙa gwaji na 'yan sa'o'i, musamman wasanni. A daren da za a shiga launi, ABC ta sa wani wasan barkwanci na Aunty Jack, inda 'yan wasan suka yi kamar suna kokawa da launi yana malalowa cikin hoto yana cin fari da baƙi. Mutane suka rungumi sabon abu da gaggawa, mai kuɗi ya saya, marar hali ya yi haya, har kafin ƙarshen 1978 kusan gida biyu cikin uku a Sidni da Melbon na da akwati mai launi. Frank Packer bai ga wannan rana ba, ya mutu ran 1 ga watan Mayu, 1974, saura wata goma.

Gyngell ya komo gida a daidai lokacin da launi ya ƙara wa telebijin farin jini, iyaye kuma suka ƙara kuka a kan abin da 'ya'yansu ke kallo. Cikin 1977 gwamnatin Malcolm Fraser ta naɗa shi shugaba na farko na sabuwar hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da telebijin. Watau wanda ya san duk dabarun 'yan kasuwa shi aka ba sandar kiwonsu. Ya zaga ƙasa yana sauraron jama'a a zauren taro, abin da bai yi wa tsofaffin abokan aikinsa daɗi ba. A zamaninsa ne, cikin 1979, aka kafa doka cewa daga ƙarfe huɗu zuwa biyar na yamma a ranakun makaranta, lokacin da yara suka komo gida, tilas tashoshin 'yan kasuwa su nuna shirin da aka tantance cewa don yara aka yi shi.

Amma aikin da ya fi kowanne amfani yana gaba. Tun bayan yaƙin duniya na biyu baƙi suke kwarara Ostareliya neman abinci, daga Italiya da Girka da Yugoslabiya da Turkiyya da Labanan da sauran ƙasashe. Su ne a masana'antu, su ne a wajen gina madatsun ruwa, amma shekara ashirin da huɗu ana telebijin babu tasha ɗaya da aka kafa dominsu. Tsohuwa 'yar Girka za ta zauna gaban akwati ita da jikokinta, su suna dariya ita ba ta san abin da ake cewa ba. Duk wanda ya taɓa zaman baƙunci a garin da ba a jin harshensa ya san irin wannan kaɗaici. Cikin 1975 aka fara ba su gidajen rediyo biyu, 2EA a Sidni da 3EA a Melbon, sa'an nan gwamnati ta yanke shawarar a ba su telebijin, ta kuma ɗora wa Gyngell nauyin kafa shi.

Ran 24 ga watan Oktoba, 1980, ranar Majalisar Ɗinkin Duniya, da ƙarfe shida da rabi na yamma, aka buɗe tashar da aka kira 0/28 a Sidni da Melbon, kuma shi ne dai ya sake fitowa ya yi wa jama'a maraba kamar yadda ya yi cikin 1956. Dabarar da aka bi mai sauƙi ce. Akan sayo fim ko wasan kwaikwayo daga ƙasar baƙin, a bar shi cikin harshensa, a rubuta fassarar Turanci a ƙasan hoto. Ta haka baƙo ya ji harshen uwarsa, ɗansa da aka haifa a Ostareliya ya bi labarin ta rubutu, ɗan ƙasa kuma ya ga yadda maƙwabcinsa yake rayuwa a inda ya fito. Tashar ta kuma ba ƙwallon ƙafa muhimmanci, wasan da sauran tashoshi suka raina suna ganin na baƙi ne. Cikin 1985 aka sake mata suna ta zama SBS.

Cikin 1984 ya sake komawa Ingila. Wani kamfani mai suna TV-am, mai shirye-shiryen safe, yana gab da durƙushewa, Kerry Packer kuwa, ɗan tsohon maigidansa, yana da hannun jari a ciki. Gyngell ya rage kashe kuɗi, ya kuma kawo wata aƙida tasa game da launi. Ya yi imani cewa mutumin da ya tashi da sanyin safiya a ƙasa mai hazo yana bukatar ganin haske, don haka ya matsa wa masu gabatarwa su riƙa sa tufafi masu haske, shi kansa kuwa ya shahara da riga ruwan hoda, har 'yan jarida suka riƙa yi masa ba'a da ita. Ba'a ko ba ba'a ba, kamfanin ya farfaɗo ya shiga cin riba mai yawa.

A nan ne kuma ya yi abin da har yau ake jayayya a kansa. Cikin watan Nuwamba na 1987 ma'aikatan na'urori suka yi yajin aiki na kwana ɗaya a kan yawan mutanen da za a sa a aiki, shi kuwa ya rufe musu ƙofa ya hana su komowa. Manajoji da sakatarori suka riƙe kyamara, aka cike jadawali da tsofaffin finafinan Amurka irin su Batman da Flipper, masu kallo kuma ba su gudu ba. Farkon 1988 ya sallami mutum 229. Masu kamfanoni suka yaba masa, Firayim Minista Margaret Thatcher ta ɗauke shi abin misali, amma ga waɗanda suka rasa abincinsu da iyalansu, ya zama azzalumi. Ba a daɗe ba reshe ya juye da mujiya. Dokar da gwamnatin Thatcher ta kafa cikin 1990 ta ce a yi gwanjon lasin tashoshi. Cikin watan Oktoba na 1991 TV-am ta taya fam miliyan 14 da 'yan kai, wani sabon kamfani ya taya fam miliyan 34 da 'yan kai, ya ƙwace lasin. Thatcher, wadda a lokacin ta riga ta sauka, ta rubuta masa wasiƙa da hannunta tana nuna baƙin cikinta cewa dokarta ce ta jawo, shi kuwa ya karanta wa 'yan jarida. TV-am ta rufe ran 31 ga watan Disamba, 1992.

Cikin 1993 ya koma tashoshin lamba tara inda ya faro, a matsayin shugaba. Cikin 1995 kuma aka sake kiransa Ingila ya riƙe kamfanin Yorkshire-Tyne Tees, inda ya ƙi yarda a nuna wasu shirye-shiryen batsa na tsakar dare a yankinsa, ko da yake sauran tashoshi suna nunawa. Ya bar aiki cikin 1997 da kamfanin Granada ya saye wurin.

Bruce Gyngell ya mutu a Landan ran 7 ga watan Satumba, 2000, yana da shekara 71, bayan ya yi fama da ciwon daji na huhu. Ɗansa David ya gaje shi a sana'a, har shi ma ya shugabanci tashoshin lamba tara. Kamfanonin da ya yi wa aiki a Ingila, ATV da TV-am, duk sun shuɗe. Tashar da ya kafa wa baƙi kuwa tana nan tana aiki, kuma hukumar SBS tana watsa shirye-shirye cikin harsuna fiye da sittin.