Tarihin Peter Paul Rubens, mai zanen da ya ɗauki karatu a hannun malamin da bai taɓa gani ba

An haifi Peter Paul Rubens a ranar 28 ga watan Yuni, 1577, a garin Siegen na ƙasar Jamus, shekara guda bayan rasuwar Titian, shahararren mai zanen birnin Venice, wanda ayyukansa suka zame masa makaranta har ƙarshen rayuwarsa.

Iyayensa mutanen Antwerp ne, a ƙasar Beljiyam ta yanzu, waɗanda rikicin addini ya tilasta musu yin hijira. Bayan rasuwar mahaifinsa a 1587, mahaifiyarsa ta koma gida da 'ya'yanta. Can ya koyi zane a hannun malamai uku, na ƙarshensu Otto van Veen, kuma a 1598 ƙungiyar masu zanen birnin ta karɓe shi a matsayin ƙwararre.

A 1600 ya tafi Italiya, inda ya shiga hidimar Vincenzo Gonzaga, mai mulkin Mantua. A wancan zamani kwaikwayon ayyukan magabata shi ne ginshiƙin koyon sana'ar. Ɗalibi kan zauna gaban hoto da buroshi da fentin mai, ya bi sawun mai shi har ya gane yadda ake ɗora launi bisa launi sirara-sirara, yadda haske zai ratsa su fatar fuska ta fito kamar jini na gudana a cikinta.

Amfanin wannan karatu ya bayyana a 1603, lokacin da aka aike shi Sifaniya da kyaututtuka zuwa ga Sarki Philip na Uku. Ya ga tarin ayyukan Titian a fada, sa'an nan ya zana Duke na Lerma bisa doki, yana bin tsarin hoton Sarki Charles na Biyar da Titian ya zana a 1548.

Ya dawo Antwerp a 1608, ya zama mai zanen fada a 1609, sunansa ya game Turai. Duk da haka, da aikin sulhunta Sifaniya da Ingila ya kai shi Madrid a 1628, yana da shekara 51, sai ya sake zama ɗalibi. Cikin watannin da ya yi yana jiran amsar fada, ya kwaikwayi ayyukan Titian da dama. Daga nan hannunsa ya ƙara sakewa, launukansa suka ƙara laushi. A nan ne kuma ya ƙulla abota da matashin mai zanen fada, Diego Velázquez, wanda ya tafi Italiya a 1629.

Wannan kwaikwayo ya yi wa tarihi rana. Hoton da Titian ya yi wa Isabella d'Este cikin jar riga ya ɓace, haka ma na Charles na Biyar tare da matarsa. Ta kwafin Rubens ne ake sanin kamanninsu a yau.

Sarki Charles na Ɗaya na Ingila ya karrama shi da lambar girma a 1630, shekarar da aka ƙulla sulhun. Rubens ya rasu a Antwerp ranar 30 ga watan Mayu, 1640, bayan fama da ciwon gaɓoɓi. Daga cikin kayan da ya bari, Sarki Philip na Huɗu ya sayi wasu kwafe-kwafen, waɗanda ke gidan tarihi na Prado a Madrid har yanzu.