Josef Babinski, Likitan da Ya Karanta Cuta a Tafin Ƙafa

Waɗanda suka yi darasin Bayoloji tare da mu za su tuna yadda ake buga gwiwa ƙafa ta zabura ba da son mai ita ba. Mutumin da za mu ba da tarihinsa yau a kan irin wannan zabura ya yi suna.

An haifi Josef Babinski a birnin Faris a 1857. Iyayensa 'yan ƙasar Foland ne da suka yi hijira zuwa Faransa. Ya karanta likitanci, kuma a 1885 ya zama babban mataimakin Sharko, shahararren likitan jijiyoyi na asibitin Salfetiriye. Kowa ya ɗauka farfesa zai zama. To amma a 1892 ya faɗi jarrabawar da ke kai mutum ga wannan kujera, domin shugaban masu jarrabawar, Busha, ba ya ga maciji da maigidansa. Mu ma'aikatan gwamnati mun san irin wannan. Bai sake zama jarrabawar ba, sai ya tare a asibitin Fitiye yana duba marasa lafiya har ya yi ritaya a 1922.

Abin da ya dame shi shi ne yadda za a bambanta shanyewar ɓarin jiki da ta samo asali daga lahani a ƙwaƙwalwa, da wadda damuwar zuciya ke kawowa. A Fabrairun 1896 ya gabatar da takarda mai layi 28 kacal. Ya nuna cewa idan aka sosa tafin ƙafar mai lafiya, yatsunsa kan lanƙwashe ƙasa, amma a ɓarin da ya shanye babban yatsa sama yake ɗagawa.

Ga dalili. Ƙwayoyin jijiya masu motsa tsoka a cikin laka suke, wato igiyar nan da ke cikin ƙashin baya, kuma daga ƙwaƙwalwa suke karɓar umarni. Hanyar umarnin kan tsallaka a gindin ƙwaƙwalwa, shi ya sa lahani a hagu yake shanye dama. Ƙwaƙwalwa ba tura su kaɗai take yi ba, tana kuma riƙe musu linzami. Idan hanyar ta yanke, da farko ɓarin yakan yi laƙwas. Bayan 'yan makonni sai ƙwayoyin lakar su zama masu saurin zabura, tsoka ta sanƙare, hannu ya lanƙwashe, ƙafa ta miƙe ana janta. Binciken da aka yi bayan zamaninsa ya nuna cewa adadin ƙwayoyin da ke aiki a ɓarin ma yakan ragu. Jariri ma yakan ɗaga yatsan haka, domin hanyar ba ta gama ƙosawa ba, sai abin ya ɓace kafin ya cika shekara biyu.

A 1914 ya bayyana wani abin mamaki: wasu da ɓarinsu na hagu ya shanye ba su san ya shanye ba, har musu suke yi da likita. Duk mai jinyar iyaye da hawan jini ya kayar ya kamata ya san wannan, kada ya ɗauka taurin kai ne.

Babinski bai yi aure ba. Tare da wansa Hanri ya zauna, injiniyan da ya rubuta littafin girke-girke da sunan Ali-Bab. Cutar makyarkyata ta Fakinsan ta kama shi a ƙarshen rayuwarsa, ya rasu a Faris a Oktoban 1932.