Malam Joseph Henry, Mai Ƙaramin Maganaɗisu

Ran nan muna ɗakin koyon aikin lantarki, malaminmu ya ba kowane rukuni kontakta ɗaya, da maɓalli kore da ja, da 'yan wayoyi, ya ce mu haɗa su su tayar da injin. Rukuninmu muka yini muna fama. Can wajen la'asar na danna koren nan da ɗan yatsa ɗaya, sai na ji ƙas! Kontakta ta kama, injin mai layi uku ya tashi da ruri. Na cire yatsana, bai tsaya ba. Abin ya ɗaure mini kai, na tambayi malam wanda ya fara wannan dabara, shi kuwa ya nuna mini hanyar laburare. Ashe mutumin ɗan'uwanmu ne a sana'a, malamin makaranta ne. Don haka na ga ya kamata in ba ku labarinsa.

Sunansa Joseph Henry, watau Yusufu ke nan a bakinmu. An haife shi ran 17 ga Disamba, 1797, a birnin Albany cikin Jihar Niyok ta Amurka. Iyayensa talakawa ne, asalinsu mutanen Sikotilan. Tun yana ƙarami aka kai shi wurin kakarsa a wani ƙauye wai shi Galway, ubansa kuma bai yi tsawon rai ba. Yana da shekara 13 aka sa shi koyon gyaran agogo da ƙirar azurfa, amma zuciyarsa duk tana wajen wasan kwaikwayo. Sai da ya kai shekara 16 wani littafin kimiyya ya faɗo hannunsa, ya karanta, shi ke nan hankalinsa ya juya. A 1819 ya shiga makarantar Albany Academy, yana koyarwa a makarantun ƙauye da gidajen masu hali don ya sami na abinci. A 1826 makarantar nan tasa ta ɗauke shi malamin lissafi da kimiyya.

To, a zamanin nan wani Bature a Ingila, William Sturgeon, ya riga ya nuna cewa in ka naɗa waya a jikin baƙin ƙarfe ka sa mata wutar batir, ƙarfen sai ya zama maganaɗisu, in ka yanke wutar ƙarfinsa ya tafi. Amma wayarsa tsirara take, ba dama a naɗa ta da yawa don kada ta taɓa juna, saboda haka abin da ƙarfensa ya ɗaga laba 9 ne kurum. Henry ya zauna ya lulluɓe wayar da zare, ya yi ta naɗi bisa naɗi. A 1831 ya yi wa Jami'ar Yale maganaɗisun da ya ɗaga fiye da laba 2,000, kilo 900 da ɗoriya ke nan. Ku dubi tazarar, jama'a! Ya kuma gane cewa in wuta za ta yi tafiya mai nisa, naɗi mai yawa na siririyar waya ake so, da batura da yawa a jere. Ya kewaye ɗakin karatu da waya mai tsawon kamar mil guda, ya kan taɓa wannan kai, ƙararrawa ta buga a wancan, yara suna kallo.

Duk wannan aiki a ɗan lokacin da koyarwa ta rage masa ya ke yi, galibi a hutu. Ga shi kuwa da nawar rubutu. Shi da Michael Faraday na Ingila kowa ya gano, ba da sanin ɗaya ba, yadda maganaɗisu ke haifar da wuta cikin waya. Faraday ya bayyana nasa a 1831, Henry sai 1832, suna ya tafi ga wanda ya riga.

A 1832 ɗin nan ya koma koyarwa a kwalejin Princeton, can ne kuma wajen 1835 ya yi abin da ya kawo ni wannan labari. Ya rataya wa babban maganaɗisunsa kaya mai nauyi. Sa'an nan ya kawo wani ɗan ƙarami, wanda wuta 'yar kaɗan daga nesa ta ishe shi motsi. Aikin ƙaramin nan ɗaya ne tak, ya ja wata 'yar waya ya yanke wutar babban. Malam ya taɓa waya daga can nesa, ƙaramin ya motsa, babban ya saki kaya, su faɗi rim a gaban ɗalibai. Wannan shi ne rile. Kamar ɗan yaron da ke riƙe da akalar raƙumi ne, ba shi ke ɗaukar kayan ba, amma shi ke cewa a tashi ko a durƙusa.

Kontakta kuwa rile ce da ta yi ƙiba, an yi ta don wuta mai nauyi. Da na koma kan tamu na bi wayoyin ɗaya ɗaya, sai na ga amsar abin da ya ɗaure mini kai. Koren maɓalli naɗin waya kaɗai ya ke ba wuta. Naɗin ya zama maganaɗisu, ya ja ƙarfe, manyan bakuna uku su haɗu su ba injin wuta. Akwai kuma wani ɗan baki na huɗu da ke haɗuwa tare da su, shi ke ci gaba da ciyar da naɗin bayan ka cire yatsa. Jan maɓalli ya yanke wannan hanya, sifirin ya mayar da kome wurinsa.

Amfanin ɗan bakin nan ya wuce hutar da yatsa. Ku tuna da masu niƙa na Jekadafari ko Pantami. An ɗauke wuta, yaron shago ya sa hannu yana gyara bel. In makunnin hannu ne aka bari a kunne, da an kawo wuta injin zai tashi da hannun yaro a ciki. In kontakta ce, tun sa'ad da wuta ta tafi ta saki, ba kuwa za ta sake kamawa ba sai mutum ya danna da niyya. Haka famfon rijiyar burtsatse, ɗan abin da ke iyo cikin tanki shi ke ba kontakta umarni, ruwa ya cika ta kashe. Ko ƙahon mota da manyan fitilunta, da rile a ke kunna su.

Henry bai taɓa yin rajistar mallakar ko ɗaya daga cikin dabarunsa ba, a ganinsa ilimi na kowa ne. Samuel Morse, wanda ya sha neman shawararsa, shi ya yi rajistar wayar tangaraho, ya buɗe layi tsakanin Washinton da Baltimore a 1844, ya yi suna ya yi kuɗi. Daga baya aka kira Henry shaida a shari'o'in da aka yi kan wayar, zumuncinsu ya lalace. Wani Edward Davy ma a Ingila ya yi tasa rile wajen 1837, don haka har yau masana na raba yabon. Ni dai ban ga laifinsa ba wajen ƙin neman kuɗi, amma nawar rubutun nan na ga laifinta, gama abin da ya tsaya a aji, 'yan ajin kaɗai ne shaidunsa.

A 1846 aka naɗa shi Sakatare na farko na cibiyar ilimi ta Smithsonian a Washinton. Ya shirya mutane ko'ina cikin ƙasar suna aiko da labarin iska da ruwan sama ta wayar tangaraho, ya kuma yi aiki kan fitilun da ke shiryar da jiragen ruwa. Yana kan wannan kujera ya mutu ran 13 ga Mayu, 1878. A 1893 masana lantarki suka taru a Chicago suka sa wa ma'aunin naɗin waya sunansa, shi ne harafin H da mu ke rubutawa a allo.

Zangon gobe za a tura mu gwajin koyarwa. Na riga na sami ƙusa mai inci 6, da wayar tsohuwar fanka, da batirin cocila biyu. Daren jiya na gwada, ta ɗaga allura huɗu, sai dai wayar ta yi zafi a hannuna, watakila sai na ƙara naɗi.