Malam Abdussalami na Gimbana: Almajirin da Rabon Mulki Ya Raba da Jama'arsa

Mai tafiya daga Sakkwato zuwa Jega zai bi ta Boɗinga da Shagari ya iso Tambuwal, kafin ya tsallaka cikin Jihar Kebbi. Tambuwal da Jega kowanne yana da Buhari a tushen sarautarsa. Na Tambuwal ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne. Na Jega kuwa ɗan Malam Abdussalami ne, almajirin Shehu wanda harin da aka kai wa jama'arsa ya zama mafarin jihadi, wanda kuma rundunar Sakkwato ta yaƙa bayan shekara 14.

'Yan'uwa cikin Almasihu, wani zai ce ina ruwan ikkilisiya da tarihin malamin Musulunci da ya mutu tun bishara ba ta iso wannan ƙasa ba. Ruwanmu ne, domin ƙasar da muke zaune a ciki, da sunayen da ake kiran mutane da su, da irin kallon da ƙabilu ke yi wa juna a Arewa, yawancinsu a wancan zamani aka ƙera su. Ba mu kawo labarin don mu yi wa maƙwabtanmu Musulmi dariya ba. Ciwon da ke cikinsa yana nan a cikin gidanmu mu ma.

Asalinsa

Abdussalami ɗan Ibrahim Ba'are ne, wato daga mutanen Arewa masu jin Hausa, waɗanda ƙasarsu take a yau tsakanin arewacin Jihar Kebbi da yankin Dogon Dutsi a Jamhuriyar Nijar. Ya zo Degel, a ƙasar Gobir, ya yi karatu a gaban Shehu, ya kuma zama malami mai almajirai na kansa. Yawancin manyan da ke kewaye da Shehu Fulani ne, da dama kuma danginsa ne. Abdussalami shi ne fitacce a cikin waɗanda ba Fulani ba. Ba jini ya kawo shi Degel ba, koyarwa ce ta kawo shi.

A ƙarshen shekarun 1790 Sarkin Gobir Nafata ya ga jama'ar Shehu tana ƙaruwa, tsoro ya kama shi. Ya kafa dokoki: kada kowa ya yi wa'azi sai Shehu kaɗai, kada wanda bai gaji Musulunci ba ya shige shi, kada maza su naɗa rawani, mata kuma kada su yi lulluɓi. Duk Kiristan da aka taɓa hana shi filin gina majami'a zai gane nauyin irin wannan doka. Abdussalami bai ga zai iya zama ƙarƙashinta ba, sai ya kwashi mutanensa ya yi kudu.

Gimbana

Ya sauka a Gimbana, cikin ƙasar Kabi, wajen yankin da Jega take a yau, inda Gulbin Zamfara ke gangarowa daga wajen Gummi da Kebbe. Mutane suka yi ta binsa har wurin ya cika. Da Yunfa ya hau gadon Gobir, sai ya aika Abdussalami ya komo. Ya ƙi. A ƙarshen 1803, cikin watan azumi, rundunar Gobir ta auka wa Gimbana, ta kashe mutane, ta kama wasu da yawa. Abdussalami kansa ya tsira.

Da mayaƙan ke komawa da kamammu, sai suka bi ta kusa da Degel. Jama'ar Shehu suka fito suka ƙwace su. A lura da wannan da kyau. Mutanen Degel ba su tsaya tambayar ƙabilar waɗanda ke cikin igiya ba. Sun ga 'yan'uwansu na addini, suka sa ransu a haɗari dominsu. A wannan rana bangaskiya ta fi ƙabila ƙarfi.

Yunfa ya husata, ya umarci Shehu ya fita da iyalinsa kaɗai ya bar jama'a. Shehu ya ƙi rabuwa da su. A watan Fabrairu 1804 suka yi hijira zuwa Gudu, a watan Yuni kuma suka ci Gobirawa a Tabkin Kwatto. Birnin Kabi ya faɗi a 1805, Alƙalawa babban birnin Gobir ya faɗi a 1808, aka kashe Yunfa. Abdussalami da mutanensa suna cikin wannan gwagwarmaya tun daga farkonta.

Rabon ƙasa

Muddin ana gudu ana yunwa, kan jama'a a haɗe yake. Wuya ta zo ne bayan nasara. Wajen 1812, Shehu yana zaune a Sifawa, ya raba kula da ƙasa: gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, yamma ga ƙanensa Abdullahi na Gwandu, arewa ga Aliyu Jedo, shugaban mayaƙa. Abdussalami ya sami 'yan garuruwa a yankin Sabiyal, ƙarƙashin Abdullahi. Ga mutumin da ke ganin da jinin mutanensa aka buɗe wannan hanya, rabon ya yi kaɗan.

Ya fara faɗaɗa ikonsa fiye da abin da aka ba shi, shugabanni suka soma zarginsa. Aka ɗauke shi daga can aka zaunar da shi a Kware, arewa da Sakkwato kaɗan, inda idon Bello zai riƙa kai wa gare shi. Aka yarda ya yi wa garin ganuwa.

Kada mu ɗauka shi kaɗai ne ya ga abin da ya lalace. Tun a 1807 Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, ya bar runduna ya nufi gabas har Kano, saboda baƙin cikin yadda neman mulki da dukiya ya shiga zukatan mutanen da suka fito domin Allah. Kada kuma mu mai da labarin ya zama Hausa a gefe ɗaya, Fulani a ɗaya gefen. Akwai Fulanin da suka yi yaƙi a bayan Sarkin Gobir, akwai Hausawa da yawa a bayan Shehu, Yakubun Bauchi kuma da ya karɓi tuta ba Bafulatani ba ne. Amma gaskiya ce cewa da aka zo rabon manyan muƙamai, yawancinsu a hannun dangi da ƙabila ɗaya suka tsaya, waɗanda ke waje kuwa sun lura.

Kware

Shehu ya rasu a watan Afrilu 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Abdussalami ya yi jinkiri, daga baya ya zo Sakkwato ya yi. Amma zuciya ba ta kwanta ba. A lokacin tawaye ya tashi a wurare da dama, musamman Zamfara. Kware ta zama mafakar masu ƙorafi, har da waɗanda ba Musulmi ba da ke zaune bisa amana, suka gudo daga garuruwansu. Abdussalami ya karɓe su, ya kuma bar mutanensa suna ciniki da waɗanda Sakkwato ke ɗauka abokan gaba.

Wasiƙu suka yi ta kai da komowa tsakaninsa da Bello. Abdussalami ya yi kukan zalunci da cin dukiyar mutane da ya ce sun yi yawa. Ya aika da wani zane na ƙasar, ya nuna gabas ta Bello, yamma ta Abdullahi, arewa ta Aliyu Jedo, kudu kuma ta 'ya'yan Shehu biyu, Atiku da Buhari, sa'an nan ya tambayi inda nasa rabon yake. Kudun nan da ya nuna ya haɗa da ƙasar da Tambuwal take.

Bello ma yana da tasa hujja. Daula ce sabuwa, maƙiya sun kewaye ta, ga gari mai ganuwa a bakin ƙofar Sakkwato yana buɗe wa maƙiyan ƙofa. Bai fara da takobi ba, ya fara da wasiƙa da lallashi. Da abin ya ƙi, sai ya yanke hukunci cewa wanda ya taimaki kafirai a kan Musulmi ya fita daga addini. Da wannan hukunci ya halatta a yaƙi malamin da ya yi karatu a gaban mahaifinsa. Ko a cikin gidan Shehu ba a taru a kan wannan fahimta ba, domin Abdullahi ya riga ya nuna cewa irin wannan haɗin kai, in don abin duniya aka yi shi, zunubi ne amma bai kai kafirci ba.

A farkon 1818 Kware ta faɗi. Abdussalami ya fita da rauni, ya nufi Zamfara, ya mutu a Bakura. Yawancin abin da aka sani game da rikicin daga littafin Bello ne mai suna Sard al-Kalam, inda ya kawo wasiƙun ɓangarorin biyu. Wanda ya yi nasara ne ya rubuta labarin, amma ya bar mana ƙorafin abokin gabansa a ciki.

Bayan mutuwarsa

Sauran mutanensa suka taru a Kalambaina, kusa da Gwandu, suka gagari Abdullahi. Tun rasuwar Shehu akwai sanyin dangantaka tsakanin Abdullahi da Bello a kan gadon mulki. Wajen 1820 zuwa 1821 Bello ya kawo wa baffansa gudunmawa, suka ci garin, a nan kuma suka shirya. Wato a kan ragowar jama'ar Abdussalami ne Sakkwato da Gwandu suka sake haɗa kai.

Amma ba a shafe zuriyarsa ba. Ɗansa Buhari ya yi biyayya, aka bar shi ya kafa Jega, wadda ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin ƙasar. Zuriyar mutanen nan har yau ana kiransu Gimbanawa. Buhari ɗan Shehu kuwa ya riƙe Tambuwal ta zama ribaɗi, wato garin tsaron iyaka. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, Jega ta faɗa can, Tambuwal da Kebbe suka zauna a Sakkwato.

Abin da ikkilisiya za ta ɗauka

Na fari, addini ɗaya ba ya riƙe mutane in rabo ya karkata. Mun ga haka a Ayyukan Manzanni sura 6. Ikkilisiyar Urushalima tana cike da Ruhu Mai Tsarki, duk da haka Yahudawa masu jin Helenanci suka yi gunaguni cewa ana ƙyale gwaurayensu mata wajen rabon abinci. Manzanni ba su kira su 'yan tawaye ba. Sun tara jama'a aka zaɓi mutum bakwai, dukansu kuwa sunayen Helenanci gare su, har da Istifanas da Filibus. An danƙa aikin a hannun ɓangaren da ya yi kuka. Mu duba majalisun dattawanmu da zaɓen shugabanninmu. In ƙabilar da ta fara karɓar bishara a wani wuri ta riƙe kowace kujera shekara da shekaru, sauran suna ba da baiko da zakka amma ba a jin muryarsu, to mun shuka abin da aka shuka a Kware. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na biyu, mu ji tsoron ranar da za a ɗauki hukuncin addini a yi faɗan mulki da shi. Gardamar Kware ta fara a kan ƙasa da adalci, ta ƙare a kan wane ne mai bi na gaskiya. A 1 Sarakuna sura 12, Yerobowam ya kafa wuraren sujada a Betel da Dan, ba don Allah ya umarta ba, sai don tsoron kada zuciyar jama'a ta koma ga gidan Dawuda in suna zuwa Urushalima. Al'umma ɗaya ta zama biyu, har zamanin Yesu Bayahude ba ya cuɗanya da Basamariye. Mu ma lokacin zaɓe mukan ji ana cewa wanda bai zaɓi wane ba ya sayar da Almasihu. Kuri'a ba ta cikin sharuɗɗan ceto. Wanda ya mai da ita haka ya ƙara wani abu a kan bishara.

Na uku, sunayen da muke faɗa a kansu tarihi ne ya haife su. Kafin Gimbana babu Gimbanawa. Sunan Hausa-Fulani da ake ji a siyasar Nijeriya yana rufe labarai irin na Abdussalami, yana kuma sa a ɗauka kowane Bahaushe addininsa ɗaya, har Bahaushe Kirista ya zama kamar baƙo a garin kakanninsa. A yau kuma rikicin 'yan bindiga da 'yan sa-kai a Zamfara da Sakkwato yana sa ana ɗora laifin mutum a kan ƙabilarsa duka. Mai bi ba shi da izinin yin haka. Bulus ya koya wa Galatiyawa da Afisawa cewa Almasihu ya rushe katangar da ke tsakanin Bayahude da Ba'al'umme. Ba ya share ƙabilarmu, amma ya hana ta zama ma'aunin darajar mutum. Bafulatanin da ya shigo majami'armu ɗan'uwa ne, wanda bai shigo ba kuma maƙwabci ne da aka umarce mu mu ƙaunace shi.

Na ƙarshe, mu tuna da Jega. An yaƙi uba, amma aka ba ɗa wurin zama, garin da ya kafa kuma ya ciyar da ƙasar da kasuwarsa. Ezekiyel sura 18 ta koya mana cewa ɗa ba zai ɗauki laifin mahaifinsa ba. Akwai ikkilisiyoyinmu da suka rabu tun zamanin kakanni, jikoki suna riƙe da gabar da ba su san mafarinta ba. Wani ne zai fara miƙa hannu.

A wannan mako, bari kowace majalisar ikkilisiya ta zauna ta tambayi kanta: wane ne a cikinmu yake ganin ba shi da rabo, kuma yaushe muka saurare shi? Ubangiji ya ba mu kunnen ji tun ƙorafi bai zama gaba ba, ya kuma ba ƙasarmu salama. Amin.