Walter Gowans: Matashin da ya gama shirin mutuwa kafin ya kama hanyar ƙasar Hausa

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Jos, ya karya ta Kwanar Ɗangora, ya ratsa Tudun Wada da dajin Falgore har ya isa Doguwa, zai iya shaida cewa a ƙauyukan wannan yanki akwai Hausawa Kiristoci, kuma da yawansu mabiya cocin ECWA ne. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, tarihin wannan coci ya faro ne daga wani kabari da ke garin Girku, kimanin mil 40 kudu da Zariya. A nan aka binne wani matashi mai suna Walter Gowans a shekarar 1894, yana da shekara 26 kacal a duniya.

An haifi Gowans a 1868. Asalin iyayensa mutanen Sukotlan ne, amma a birnin Toronto na ƙasar Kanada iyalin suka zauna. Ya yi karatun aikin bishara a birnin New York na Amurka, kuma tun a can hankalinsa ya karkata ga yankin da Turawan wancan zamani ke kira Sudan, wato ƙasashen da ke shimfiɗe kudu da Sahara, ciki har da ƙasar Hausa da Borno. Kiyasin da suke amfani da shi a lokacin ya nuna mutum miliyan 60 ke zaune a yankin. Ya bi ƙungiyoyin mishan na Amurka da Ingila ɗaya bayan ɗaya yana neman su tura shi, duk suka ƙi, saboda rashin kuɗi da kuma tsoron cututtukan yankin.

Idan za a yi adalci, tsoron nasu yana da dalili. A 1891 John Alfred Robinson na ƙungiyar CMS, wanda ya duƙufa wajen koyon Hausa, ya rasu a Lakwaja, sannan abokin aikinsa Graham Wilmot Brooke ya bi bayansa a 1892. A wancan lokaci ma ba a gano cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro ba, domin sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar da haka a Indiya. Ke nan Gowans bai shigo da ido rufe ba, ya san inda waɗanda suka riga shi suka kwanta.

Da ya rasa mai tura shi, sai ya tura kansa. Mahaifiyarsa, Margaret Gowans, ita ce ta shawo kan wani saurayi mai suna Rowland Bingham ya bi ɗanta, sai kuma Thomas Kent, abokin karatunsa daga garin Buffalo na Amurka, ya zama na uku. Ranar 4 ga Disamba, 1893 suka sauka a Legas, babu albashi, babu gwamnatin da ke mara musu baya, babu kuma soja ko ɗaya a tare da su. Ya kamata mai karatu ya lura da wannan shekara, domin Lugga bai kafa tutar Ingila a Arewa ba sai a 1900, kuma Kano ba ta faɗa hannun Turawa ba sai a 1903. Wani babban ɗan mishan na cocin Methodist da suka tarar a Legas ya gaya musu ƙarara cewa su da 'ya'yansu ba za su ga ƙasar da suke nema ba, sai dai ko jikokinsu.

A nan ne halin Gowans ya fito fili. A cikin rubutun da ya bari, ya auna tafiyar tasu kamar yadda ɗan kasuwa ke auna riba da faɗuwa. A lissafinsa, idan sun yi nasara an buɗe wa bishara ƙofar yanki guda, idan kuma sun faɗi, iyakar hasarar ita ce mutuwar mutum biyu ko uku da duniya za ta ɗauka masu taurin kai ne. Ya ƙara da cewa a wurinsa mutuwar ma ba faɗuwa ba ce, tunda Allah Yana iya cika nufinSa ta hanyar rayuwar bawa ko ta hanyar mutuwarsa. Tushen wannan tunani shi ne bangaskiyar Kirista cewa Yesu Almasihu ya tashi daga matattu, don haka kabari mashiga ce ga wanda ya dogara gare shi. Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Gowans ya gama lissafinsa da mutuwa tun yana da ƙoshin lafiya, tun kafin zazzaɓi ya taɓa jikinsa.

Ba a daɗe ba jarrabawa ta iso. Zazzaɓi ya kwantar da Bingham, aka yanke shawarar ya zauna a Legas yana aika musu da guzuri. Gowans da Kent suka nausa Arewa ta ƙasar Yarbawa da ta Nufawa. Da kayansu suka yi ƙasa, Kent ya juya don ya ƙaro, Gowans ya ci gaba ba tare da wani Bature ba. Zamani ne na yaƙe-yaƙe da hare-haren kama bayi, kuma ya faɗa hannun rundunar wani sarki mai irin wannan hari. Ko da aka sake shi, atini ya riga ya cinye ƙarfinsa. Ranar 17 ga Nuwamba, 1894 ya cika a Girku, nesa da uwa da dangi. Makonni uku bayan haka, Kent ma ya rasu a Bida. A 1895 Bingham ya koma Kanada shi kaɗai.

Da ya je yi wa mahaifiyar Gowans ta'aziyya, ya kai mata 'yan kayan da ɗanta ya bari, abin da ta nuna masa shi ne ta fi son ɗanta ya mutu shi kaɗai a can bisa biyayya ga Ubangijinsa, da a ce yana zaune a gabanta cikin saɓa maSa. Wannan ya nuna cewa shirin da Gowans ya yi a gida ya koyo shi.

Bisa ma'aunin duniya, tafiyar ba ta haifar da komai ba, domin bai gina coci ba, bai buɗe makaranta ba. A 1900 ayarin Bishop Herbert Tugwell, wanda Dokta Walter Miller ke cikinsa, ya isa Kano, Sarki Alu ya umarce su da su fita, suka koma Girku, inda ɗayansu, Dudley Ryder, shi ma ya rasu. Amma Bingham bai haƙura ba. Yunƙurinsa na biyu a 1900 ya ci tura, sai a 1902 ƙungiyarsu, wadda aka sani da SIM, ta kafa tasharta ta farko a Fategi. Daga wannan ƙungiya aka samu asibitin ido na Kano a 1943, wanda Musulmi da Kirista suka amfana da shi, kuma daga gare ta cocin ECWA ta fito a 1954. Makarantar Kent da ke Miyango da Jami'ar Bingham da ke Karu suna ɗauke da sunayen abokan tafiyarsa.

Sai dai akwai gyara a cikin labarin, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Tun a 1854 Dokta William Baikie ya shiga kogin Kwara da Binuwai da jirgin ruwa, yana ba mutanensa kwinin a kai a kai, ya fito ba tare da rasa rai ko ɗaya ba. Matasan nan uku sun fi ƙarfi a shirin zuciya fiye da shirin magani da guzuri, kuma waɗanda suka biyo bayansu sai da suka haɗa biyun kafin aikin ya zauna. Tawakkali ba ya hana ɗaure raƙumi.

Mu da muke zaune a ofisoshi, mun iya tanadin fansho da filaye da karatun yara, amma maganar mutuwa mukan ɗage ta sai likita ya girgiza kai. Ba lallai mai karatu ya yarda da aƙidar Gowans ko da manufar zuwansa ba kafin ya ga abin lura a nan. Mutuwa rigar kowa ce, kuma wannan yaro ya san abin da ya yarda ya mutu a kansa tun yana ɗan shekara 25. Da yawanmu mun ninka shekarunsa, amma har yau ba mu zauna mun yi wa kanmu wannan tambaya ba. Allah Ya sa mu yi kyakkyawan ƙarshe.